'Yan Damfara Na Amfani da Manhajata: Doka Za Ta Hau Kaina?

Tambaya: Barista, na ƙirƙiri manhajar aika saƙo wadda ko ni ba na iya karanta abin da mutane ke turawa. Yanzu na samu labarin wasu 'yan damfara suna amfani da ita. Ina da laifi?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, amma kada ka yi sake. A yawancin ƙasashe, ƙera abin da ke da amfani na halal ba laifi ba ne, ko da ɓata-gari sun ɗauka. Abin da kotu ke tonowa shi ne me ka sani, me ka nufa, me ka ci a ciki.

Wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, ya fito da PGP, manhajar ɓoye saƙo da ya ƙirƙira, a 1991. Hukumomin Amurka suka bincike shi kan zargin fitar da fasahar ɓoye saƙo zuwa ƙetare, a 1996 suka rufe maganar ba tare da gurfanar da shi ba. Shi kuwa Vincent Ramos na kamfanin Phantom Secure, ɗaurin shekara 9 aka yanke masa a 2019, don da saninsa yake sayar wa dillalan ƙwaya wayoyin sirri, har ana goge musu bayanai idan waya ta faɗa hannun 'yan sanda.

Inda kuɗi suka shigo ne lamarin ke rikicewa. A 2024 wata kotu a Holan ta ɗaure Alexey Pertsev wata 64 saboda Tornado Cash, manhajar ɓatar da sawun kuɗin kirifto da yake cikin waɗanda suka ƙirƙira. Ya ce ba shi da iko da masu amfani da ita. Alƙalai suka ce ya san kuɗin sata na bi ta ciki bai toshe ba. A ganina hukuncin ya yi tsauri, amma ganina ba zai fitar da kowa daga kurkuku ba. Don haka kada ka ƙara wa manhajarka hanyar tura kuɗi sai ka binciki dokar lasisi ta ƙasarka.

Tunda labari ya riga ya iso ka, "ban sani ba" ta daina yi maka aiki. Rubuta sharuɗɗan amfani, buɗe hanyar kai ƙorafi, rufe asusun da aka kawo hujja a kansa, ka adana shaidar cewa ka yi. Kada ka taɓa tallata manhajar da cewa hukuma ba ta kama mai amfani da ita.

Idan umarnin kotu ya zo, kai wa lauyanka kafin ka amsa. Ba da abin da ke hannunka, ka bayyana a rubuce abin da ba ka da shi. Kada ka goge komai bayan ka ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike, wannan kansa laifi ne daban.