Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Bokiti da Mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji shida a sakandare, a wani ƙauye kusa da Jahun, kuma bana zan zauna JAMB. Abin da ke kayar da ni shi ne jimlar da na san kowace kalma a cikinta, amma in aka haɗa sai ta juye mini. Ran nan na ga "The old man kicked the bucket", na zaɓi cewa tsohon ya zubar da ruwa. Ashe wai mutuwa ya yi. Me ya haɗa bokiti da mutuwa? Kuma yaya zan yi in riƙe irin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba abin da ya haɗa su. Kai ma in aka ce an shafa wa wane kashin kaji, ai ba ka zuwa ka sansana rigarsa, ka san sharri aka yi masa. To Bature ma yana da irin nasa adon maganar, shi ne yake kira "idiom". Dunƙule take, in ka warware ta kalma-kalma ka kashe ta. Kuma tunda ka kawo ta, ka sani "kick the bucket" ba maganar ladabi ba ce. Ba daidai take da "ya riga mu gidan gaskiya" ba, ta fi kusa da "ya sheƙa barzahu". Kada ka kuskura ka sa ta a wasiƙar ta'aziyya.

Hanyar da ta fi zama a kai ita ce ka nema wa kowace takwararta ta Hausa, domin abin da ka riga ka sani tun kana goye ba ya gudu. "Smell a rat" shi ne a ga alamar lauje cikin naɗi. "Let the cat out of the bag" fasa ƙwai ne. "Turn a deaf ear", kunnen uwar shegu. "Take to one's heels", ranta a na kare. "Eat one's words", lashe amai. "Live from hand to mouth" kuwa kamar da gangan aka yi ta don hannu baka hannu ƙwarya. Wanda ya fito "out of the frying pan into the fire", an gudu ne ba a tsira ba.

Sai dai a nan ramin yake, don wasu kama kawai suke yi. "Pull someone's leg" za ka ji kamar jan ƙafa ne, alhali zolaya ce. Jan ƙafarmu na jinkiri shi ne "drag one's feet". "Sweet tooth" ba daɗin baki ba ne, kwaɗayin kayan zaƙi ne. "Cold feet" kuwa ya dace da mu, amma sanyin ya sauka ƙasa: mu gwiwa ce ke sanyi, su ƙafa. Irin waɗannan ka ja musu layi da jan biro, su suka fi cinye maki.

Ga yadda za ka tsara aikin. Sami littafi mai ganye 40, ka raba kowane shafi gida uku. Gidan farko maganar, na biyu ma'anarta da Turanci mai sauƙi haɗe da takwararta ta Hausa, na uku jimlar da kai da kanka ka ƙirƙira a kan abin da ke gabanka, misali rijiyar burtsatsen da aka kashe wa kuɗi mai yawa amma ba ta taɓa ba da ruwa ba, ka kira ta "white elephant". Gidan nan na uku yara suke tsallakewa, shi ne kuma mai riƙe sauran. Biyar a rana sun isa, kwana biyar a mako, ka sami 25. Cikin mako 12 ka tara 300. Asabar bita ce kawai: rufe gida na biyu da tafin hannu ka faɗi ma'anar da ƙarfi. Wadda ta kuɓuce maka ka rubuta ta a ɗan yankin kwalin sukari, maganar a gaba, ma'anar a baya, ka jefa a aljihu. Ka duba ta washegari, ka sake bayan kwana uku, sannan bayan mako. Mai haddace 50 a dare ɗaya, da safe zai tarar sun cakuɗe kamar gero da yashi.

In ka sami ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci a ofishin malamai, nemi muhimmiyar kalmar cikin maganar, ka gangara ƙasan bayaninta inda aka sa alamar IDM. A nan suke ɓuya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni 'yar Sumaila ce, sau biyu ina zama JAMB Turanci na jawo ni baya. Ina haddacewa, amma in na zauna gaban kwamfuta sai in ga amsa biyu duk sun yi kama da daidai. In kuma na haɗu da wadda ban taɓa gani ba fa?

Amsa: Barka kadai, 'yata. Fara da lissafin lokaci. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40-40 na sauran darussa uku. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Ba a zaman makoki a kan guda ɗaya.

Masu shirya tambaya sukan jera zaɓin ne da dabara. Ɗauki wannan: "When asked about the missing bags, the storekeeper beat about the bush." Galibi za ki tarar da ɗaya mai bin kalmomin tiryan-tiryan, wato ya shiga daji ko ya daki ciyawa. Wannan tarko ne, soke shi tun farko. Wani kishiyar ma'anar ne: ya amsa laifinsa nan take. Saura biyu, kuma su ne suke ruɗa ki: "ya yi ƙarya" da "ya ƙi fitowa fili ya ba da amsa". Mai kwana-kwana ba lalle ya yi ƙarya ba, kewaye yake yi. Na biyun ne daidai. Ƙa'idar ita ce, zaɓin da ya ƙara wani abu da jimlar ba ta faɗa ba, ko da ya yi kama da gaskiya a rayuwa, ba shi ba ne.

Wadda ba ki taɓa gani ba kuwa, ki bar ta ki dubi maƙwabtanta. Yabo ake yi ko zargi? Akwai "but", "although" ko "despite" da ke juya akalar magana? In aka ce "Although they had quarrelled for years, the two families buried the hatchet", ko ba ki san "hatchet" ɗan gatari ba ne, "although" ta riga ta gaya miki abin da ya biyo baya kishiyar rigima ne, wato sulhu.

Ki kuma lura da ƙananan kalmomi, sun fi manyan mugunta. "Put off" ɗagewa ne, "put out" kashe wuta, "put up with" haƙuri da abu. "Call off" sokewa ne gaba ɗaya, ba ɗagewa ba, kuma sau da yawa a kan wannan bambancin kaɗai ake gina tambaya. "He needn't have gone" na nufin ya je, sai dai ba dole ba ne. "She all but fainted", saura ƙiris ta suma, amma ba ta suma ba. JAMB ba ta rage maki a kan amsar da aka kuskure, don haka kada ki bar gurbi. In kin soke biyu, ki zaɓi ɗaya ki wuce.

Tambaya: Malam, ni manomi ne a ƙasar Gwaram, ban yi boko mai nisa ba. Yarona ya ce in saya masa wani littafi mai irin waɗannan maganganu dubu. Shin ya cancanci kuɗin?

Amsa: Ranka ya daɗe, in kuɗin na abu ɗaya ne, a saya masa tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC na shekara goma da suka wuce, masu amsa a baya. Maganganun da ake tambaya suna yawan dawowa, kuma a can zai gan su cikin jimla, yadda za su zo masa. Littafin jeri dubu yana ɗauke da da yawa waɗanda ba zai taɓa haɗuwa da su ba. A dai gaya masa amsoshin bayan irin waɗannan littattafai wani lokaci akwai kuskuren ɗab'i, in ya yi shakka ya kai wa malaminsa.

Kuma akwai taimakon da kai za ka fi kowa iya yi masa. Bayan sallar isha, ya faɗa maka ma'anar maganar da Hausa, kai kuma ka ba shi yadda manya ke faɗinta. In ya ce "black sheep" shi ne ɗan da ya fita daban a gida ya zama abin kunya, kai ka san sunansa baragurbi. Ya rubuta a gida na biyu na littafin nan da na bayyana a amsar farko.