Zuwa Gurara da karnuka daga Abuja

Malam, ka tambaya ko za ka iya kai karnukanka magangarar ruwa ta Gurara da ke Jihar Neja a mota ka dawo Abuja a yini ɗaya. Ƙwarai kuwa. Ka bi ta Suleja ka kama hanyar Minna. Amma ka yi sammako, domin kare ba ya jure zafi, da haki yake sanyaya jikinsa. Kada ka kuskura ka kulle su a mota cikin rana. Ka tafi da ruwansu da katin rigakafin ciwon haukan kare. Idan kun isa, igiya a wuya: duwatsun suna da santsi, ruwan da damina ba na wasa ba ne, ga shanun makiyaya a yankin. Ka kuma nisanta su da masu salla.