Amsa ga Barista da ya tambayi yadda ake zama notari, da batun rasit ɗin da aka biya a makare

Barista, tambayarka ta taɓa ni, domin ramin da kake bakinsa ni ma na faɗa shi. Ka ce shekararka takwas da zama lauya, kana son neman zama notari, wato lauyan da aka ba izinin rantsar da mutane da tabbatar da takardu da hatiminsa, amma da ka haɗa rasitan kuɗin aikin lauya da muke biya shekara-shekara sai ka ga ɗaya a watan Afrilu aka biya shi, kana tambaya ko hakan zai hana. Zan faɗa maka gaskiya duk da ba ta da daɗi: wannan rasit ɗin shi ne babbar matsalarka, sauran takardun duk masu sauƙi ne.

Kafin nan, ka ajiye abin da ka karanto a intanet na rubuta jarrabawa da ajiye kuɗin jingina da sabunta izini bayan 'yan shekaru. Tsarin jihohin Amurka ne wannan, inda wanda ba lauya ba ma yake zama notari. A Najeriya Alƙalin Alƙalai ne yake naɗawa, kuma lauya kaɗai ake naɗawa, wanda aka gamsu da halinsa da cancantarsa. Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1936. Da zarar an naɗa ka, ka zama jami'in Kotun Ƙoli.

To, rasit. Abin da ake nema shi ne shaidar ka biya kuɗin aiki shekara bakwai a jere kafin ka nema, kuma kowace shekara a kan lokaci, wato kafin 31 ga Maris ta wuce. Mutane suna riƙe "shekara bakwai" su manta da "a kan lokaci". Mai duba fayil ba ruwansa da cewa ka biya daga baya, kwanan watan da ke jikin rasit yake kallo. Idan 2021 ce aka makara, ƙirgenka mai tsabta daga 2022 yake farawa, sai ka biya na 2028 sannan bakwai su cika. Ka zauna da biro ka lissafa naka tun kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Abuja.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne galibi ba laifin ƙaramin lauya ba ne. Yaro ya fito daga makarantar lauyoyi, ya shiga cembar wani babban lauya, wato ofishinsa, albashin bai taka kara ya karya ba, sai oga ya ce kada ka damu, ofis zai biya wa kowa. Ka yarda, don wa zai tuhumi ubangidansa? Maris ta zo, ka tuna masa sau ɗaya, sau biyu, na uku ka ji kunya. Sai a biya a makon farko na Afrilu, a miƙo maka rasit kamar an yi maka alheri. Shi ogan nasa ya biya tun Janairu, domin ya san abin da makara take jawowa. Ya sani sarai! Wanda ya yi min haka har yau bai ga laifinsa ba, kuma wallahi ban daina jin zafin ba. Kwana huɗu ko biyar da wani ya yi sakaci da su, kai za ka biya su da shekaru, kana kallon waɗanda kuka gama tare ana rantsar da su. Ku da kuke sababbi a wannan zaure, ko bashi za ku ci ku biya da hannunku, ku biya a Janairu ko Fabrairu. Kada ku jira makon ƙarshe, lokacin da kowa ya yi dafifi a shafin biya na NBA, wato Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, intanet ta riƙa yankewa, banki ya cire kuɗi rasit ya ƙi fitowa.

Kuma don Allah kada wani ya ce maka akwai mai gyara kwanan wata. Aikin da kake nema gaba ɗayansa amana ce a kan takarda. Idan aka kama rasit na jabu, maganar notari ta ƙare, sunanka a rajistar lauyoyi ma yana cikin haɗari.

Idan bakwai ɗinka sun cika, za ka rubuta takardar nema ta hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli, a kan takardar ofishinka mai adireshi na gaskiya da za a iya samunka. Ka haɗa da kwafin satifiket ɗin kiranka lauya, da lambar rajistarka ta Kotun Ƙoli, da tarihin karatu da aiki, da hotunan fasfo, da rasitan nan bakwai, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga reshen NBA ɗinka. Wannan ta ƙarshe ba za ta fito ba in ana bin ka kuɗin reshe, kuma idan ba a taɓa ganin fuskarka a taron wata-wata ba, kada ka yi mamaki idan sakatare ya ja ƙafa. Ka karɓi jerin takardu da adadin kuɗin da ake biya daga ofishin magatakardan da kansa, kada ka dogara da kwafin da ake yawo da shi a WhatsApp.

Sunanka kuma ya zama iri ɗaya a ko'ina. Mu 'yan Arewa nan muke yawan tuntuɓe: satifiket ya ce Muhammad, rasit ya ce Mohammed, wani ya ce Moh'd, wani an sa sunan gari a ƙarshe, wani an cire. 'Yan'uwa mata da suka koma sunan miji bayan an kira su lauya, sai sun daidaita da abin da ke rajistar Kotun Ƙoli tukuna. Tsofaffin rasitan banki da tawadarsu ta kusa gogewa, ka yi musu kwafi yau, ka ɗauki hotonsu ka adana.

Bayan ka miƙa, akan nemi bayani a kanka daga Babban Jojin jihar da kake aiki. A nan fayil yake yin barci. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ka san ranar da wasiƙa ta bar Abuja, ka je rajistarin babbar kotun jiharka ka tabbatar ta iso, ka koma ka tabbatar amsa ta tafi. Da ladabi, amma ka je da ƙafarka. Idan an amince, za ka yi rantsuwar kama aiki a gaban Alƙalin Alƙalai ko wanda ya wakilta, a shigar da sunanka a rajistar notari, a ba ka satifiket. Kafin wannan ranar kada ka sassaƙa hatimi, kada ka rubuta notari a allon ofis. Sitam ɗin NBA da muke mannawa a takardu daban, hatimin notari daban.

Ba ka tambayi wannan ba, amma bari in faɗa. Kada ka rantsar da wanda kake wakilta a shari'a. Sashe na 112 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana karɓar afidabit, wato takardar rantsuwa, da aka rantse a gaban lauyan wanda aka gabatar da ita a madadinsa, ko abokin cembarsa, ko akawunsa. A ƙarar da Buhari ya shigar kan zaɓen 2007 an yi watsi da bayanan shaidu saboda notarin da ya rantsar da su yana cikin lauyoyinsa. Tura mutuminka wurin kwamishinan rantsuwa a kotu ko wani notari. Haka kuma hatiminka ba ya mayar da kwafin takardar gwamnati ya zama tabbataccen kwafi a gaban kotu, sai jami'in da asalin takardar ke hannunsa ya tabbatar.

Sannan za a riƙa kawo maka takardar wakilci an riga an sa hannu, a ce mai ita yana Jidda ko Dubai, kai dai buga. Kada ka buga, ko ɗan ɗakinku ne ya kawo. Da irin wannan ake sayar da gidan marayu da filin wanda ya yi tafiya. Dokar 2023 ta buɗe hanyar yi ta bidiyo kai tsaye da hatimin lantarki, amma sai ka yi rajistar hakan da Babban Magatakarda, ka ga mutumin, ka ga katin shaidarsa. Ka buɗe littafi tun ranar farko: kwanan wata, suna, irin takarda, katin da aka nuna maka. Masu kai takardu waje kuma ka gaya musu tun farko cewa hatiminka sau da yawa mataki na farko ne, akwai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, akwai ofishin jakadancin ƙasar da za a kai.

Rubuto mana shekarun rasitanka da kwanan watan kowanne, ban da suna ko lamba, mu taya ka lissafa shekarar da za ka iya nema. Allah Ya sa makarar a shekararka ta farko ta faɗo, don in haka ne bakwai ɗin da suka biyo baya sun riga sun cika.