Tambaya da Amsa: Tsuntsun da ya ɓuya a wasan cike gurbi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gwada wasan cike gurbin kalmomi irin na jaridun Ingila, wanda alamunsa ke zuwa a dunƙule kamar kacici-kacici. Wannan ta gagare ni: "Shy bird: grain, cold, next to garden tool (9)". Harafin farko C ne, na ƙarshe E. Ta ina ake ɓullo mata? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ita ce CORNCRAKE.

Kowace alama a wannan wasa kashi biyu ce: ma'anar kalmar, wadda ke zama a farko ko a ƙarshe, sai kuma kayan haɗa ta. A nan ma'anar tana farko, wato tsuntsu mai ɓuya. Sauran kayan gini ne. "Grain" ya ba ka CORN, domin a Turancin Ingila kalmar na nufin hatsi gaba ɗaya, har da alkama, ba masara kaɗai ba kamar a Amurka. "Cold" harafin C ne kawai, irin wanda ake rubutawa a kan famfon ruwan sanyi. Kayan aikin lambu kuwa RAKE ne, manjagara. Huɗu da ɗaya da huɗu, tara ke nan. Inda sababbin hannu ke faɗuwa shi ne karanta alamar a matsayin jimla guda suna neman ma'anarta. Yanka ta gunduwa-gunduwa, kuma kada ka rubuta amsa sai kowace kalma ta yi aikinta.

Ka riƙe sunayen dangin wannan tsuntsu, irin su CRAKE da RAIL, don masu tsara wasan na son su. CRAKE harufan CREAK ne aka hautsina, kuma za ka ga kalma irin "broken" tana nuna hautsinin. RAIL kuwa LIAR ce idan aka karanto ta daga baya. In gurbi takwas ne, gwada LANDRAIL, tsohon sunan wannan tsuntsu.

Ɓuyar tasa gaskiya ce. Tsawonsa santimita 27 zuwa 30, yana rayuwa cikin doguwar ciyawa, ya fi son sulalewa da ƙafa a kan tashi sama. An fi jin sa fiye da ganinsa: namiji kan kwana yana kuka kamar ana karta farce a haƙoran matsefi, daga nan ma sunansa na kimiyya, Crex crex, ya fito. Yana ƙyanƙyasa a Turai da yammacin Asiya, lokacin sanyinsu ya sauko kudu maso gabashin Afirka, wajajen Zambiya da Tanzaniya.

A Birtaniya yanzu sai tsibiran yammaci da arewacin Sikotilan ake samunsa da yawa. Injin yankan ciyawa ne ya ci shi, yana farfasa ƙwai yana kashe 'yan tsaki. Shi ya sa ake roƙon manoman can su jinkirta yanka zuwa watan Agusta, su kuma fara daga tsakiyar fili zuwa gefe, don tsakin su samu hanyar tserewa.