Ƙanena ya kuɓuto daga hannun Boko Haram, yanzu kuma jandarma muke tsoro

Tambaya: Ranka ya daɗe lauya, 'yan Boko Haram sun ɗauke ƙanena a gona wajen Kolofata a arewacin Kamaru, ya yi wata bakwai a hannunsu yana musu dako da ɗiban ruwa. Ya gudo da tabon bulala a baya da sawun igiya a wuyan hannu. Mun ɓoye shi a ɗaki. Ina mafita?

Amsa: Malam, ɓoyon nan shi ne babban haɗarin. In 'yan sa-kai suka riga ku kai labari, a matsayin ɗan ƙungiya zai shiga takarda.

Ku fara da asibiti. Likita ya rubuta takardar shaida, ya faɗi inda kowane tabo yake da girmansa, ku ɗauki hoto. Sawun igiya ba ya daɗewa. Sannan ku tafi da lawani ko bulama da lauya wurin jandarma, ya shigar da ƙara shi da kansa. Sashe na 291 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya tsare mutum fiye da wata guda ko ya azabtar da shi.

Garkuwarsa ita ce sashe na 81: wanda aka tilasta da barazanar kisa ba shi da laifi. Sai dai in aikin ya jawo mutuwa ko mummunan rauni, ko laifi ne mai hukuncin kisa, sassauci kawai zai samu. Shi ya sa lafazi ke da nauyi. "Na yi musu aiki" daban, "sun sa mini bindiga na ɗauki kaya" daban. Kada ya sa hannu a bayanin da aka rubuta da Faransanci sai tafinta ya karanta masa layi-layi; nan mutane da yawa ke faɗawa rami.

In an riƙe shi, dokar ta'addanci ta Disamban 2014 ta ba da kwana 15, ana iya sabuntawa, shari'ar kuma kotun soja ta Marwa ce. In tsarewar ba bisa ƙa'ida ba ce, lauya zai nemi saki gaban shugaban babbar kotu ƙarƙashin sashe na 584 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Ku sanar da ofishin Red Cross na ƙasa da ƙasa a Marwa inda aka kai shi.

Akwai cibiyar gwamnati a garin Mora, amma ta tubabbun mayaƙa ce. Ni dai ban ga dalilin gaggawar kai wanda bai riƙe makami ba can.

Diyya kuwa, kada ku sa rai sosai: sai an kama masu laifin, kuma Kamaru ba mamba ba ce a kotun hukunta manyan laifuka ta duniya (ICC).