Bim ɗina ya tsage daga ƙasa kuma ya fara lotsawa, lafiya kuwa?

Malam, wannan bim (dogon kankaren da ke kwance kan filoli, wato ginshiƙai, yana ɗauke da deki) na gininka a Aboabo da ka ce ya tsage a tsakiya bayan ka jibge bulo a kan dekin, nauyin ne. Kankare yana jure danni sosai amma ƙarfinsa wajen ja kusan kashi 1 cikin 10 ne kawai na wancan, kuma in nauyi ya lanƙwasa bim ƙasansa ne ke shan ja, shi ya sa ƙasan ke fara tsagewa, daga nan rodi ne ke ɗaukar jan, taurin bim ɗin yakan iya sauka ƙasa da rabi, kuma in nauyin ya daɗe a kai lotsawar ƙaruwa take yi a hankali. Siririyar tsaga a tsaye, ƙasa da milimita 0.3, ba abin tsoro ba ce. Wadda ta karkace kusa da fila kuwa, wallahi kar ka yi wasa da ita, sauke bulon yau ka kira injiniya.