Amsa ga mai son barin cikin birnin Kano ya sayi gida a Dawakin Kudu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka bar cunkoson Kurna ka sayi gida mai fili a wajen Dawakin Kudu. Ni dai ina goyon baya, yara za su samu tsakar gida da iska. Amma kada araha ta ruɗe ka.

Fara da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka shaidar mai unguwa da dagaci, duk da muhimmancinta, ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ba. Yawancin gidajen gefen gari a filin awon igiya aka gina su, wato filin da ba gwamnati ce ta tsara shi ba. Ka je KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye a jihar Kano, a duba maka ko wurin bai faɗa cikin hanya ko filin gwamnati ba. In gidan gado ne, kada ka biya ko sisi sai duk magada sun sa hannu gaban shaidu.

Sannan ka ziyarci unguwar a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ka ga inda yake kwanciya. Ka tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu da yadda wuta take zuwa. Kuɗin mota zuwa wurin aiki kullum ma ka sa shi a lissafi.